Jan Layin Da Na Ce Mata Ba Komai

Shekarar da na gama bautar ƙasa na koma gida Roni, ba ni da aikin yi sai jiran kiran da bai zo ba. Ilimin kwamfuta na karanta a jami'a, kuma ina jin ba zai zama alfahari ba idan na ce na karanta shi da gaske, duk da dai ba ni ne na fi kowa a ajinmu ba. A wannan zaman ne kakana, mahaifin babana, ya ce yana son a rubuta masa tarihin gidanmu. Ya daɗe yana aikin magatakarda a ofishin hakimi, hannunsa ya saba da alƙalami, amma yanar ido ta rufe masa gani. Na ce a ɗauki muryarsa a waya, ya ƙi. Ya ce shi ba mawaƙi ba ne. A rubuta, a karanta masa, ya gyara.

Saboda haka kullum da hantsi sai in shimfiɗa tabarma a zaure kusa da buzunsa, in buɗe kwamfutata, ya fara. Ya faro daga kakan kakansa da ya zo daga gabas da jakuna biyu, yana gangarowa a hankali, gida bayan gida, haihuwa bayan haihuwa.

Ya kamata in faɗi abin da nake jira, domin ba son tarihi kaɗai ya zaunar da ni ba. Babana ya rasu ina da shekara uku. Shi ne ɗan farin Kaka, don haka ban taɓa jin Kaka ya ambaci sunansa ba, ban kuma taɓa jin ya ba da labarinsa ba. Idan magana ta tilasta sai ya ce "wancan", ya kau da kai. Mahaifiyata ma ba ta cika zancensa ba. Hotonsa ɗaya nake da shi, wanda rana ta cinye rabinsa. Na san kunyar ɗan fari, kowa ya santa, amma na ɗauka rubutu daban ne. Na lissafa cewa idan Kaka ya ci gaba da gangarowa a haka, wata rana dole ya iso kan babana, kuma ni ne zan kasance a zaune a gabansa, da yatsuna a kan madannai.

Manhajar da nake rubutun da ita ba irin ta ofis ba ce mai hotuna da maɓallai a sama. Tsohuwar manhajar rubutu ce ta masu rubuta wa kwamfuta umarni, baƙin allo da fararen haruffa, ba ruwanta da maus, wato linzamin kwamfuta. Komai da madannai ake yi: gogewa, tsallakawa, nemo kalma, adanawa. A kan tsarin kwamfuta na Linux aka gina ta, kuma Linux ne a kwamfutata. Sai da na yi zango guda a jami'a ina kuskure kafin hannuna ya saba da ita. Bayan haka na shekara uku ina tara saitunana a wani ɗan fayil. Da muka fara aikin Kaka na ƙara wasu a ciki. Misali, ba ya ambaton mamaci bai ce "Allah ya jiƙansa" ba, kuma kusan duk mutanen labarinsa sun mutu, sai na saita ta yadda idan na buga haruffa biyu addu'ar za ta cika da kanta. Ina alfahari da wannan, wataƙila fiye da yadda ya kamata.

Muna kan zamanin auren Kaka na farko kwamfutar ta mutu. Mai gyara a Kazaure ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce in yi haƙuri. Allah ya sa ina kwafe komai a 'yar ma'ajiyar filas duk ranar Juma'a, ban rasa ko layi ɗaya ba.

A makon ne taubashiyata ta zo daga Babura. 'Yar gwaggona ce, wato 'yar ƙanwar babana, ta gama makarantar koyon aikin lafiya tana jiran a tura ta aiki, aka ce ta zo ta riƙa ɗiga wa Kaka maganin ido. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu yi tsiya ba. Tana da wata tsohuwar kwamfuta mai Windows da ta yi aikin makaranta da ita. Batirinta ya mutu murus, sai an jona ta take aiki, idan aka zare waya kuwa nan take take ɗaukewa.

"Zan ara maka," in ji ta, "amma ka ce don Allah, ka kuma ce ni ce babba."

"Da wata biyu na girme ki."

"Wataƙila," ta ce, tana kwaikwayon muryata. Tun daga ranar ta laƙaba mini Malam Wataƙila.

Akwai manhajar rubutu ta ofis a kwamfutar tata, da na yi amfani da ita da an wuce wurin. Na ce mata tana da nauyi, kuma gaskiya ne tana da nauyi, amma ina jin ainihin dalilin shi ne ba na son a gan ni ina rubutu da abin da kowa ya iya. Na san wasu masu sa-kai sun sake wa tawa manhajar fasali domin ta yi aiki a Windows. Na hau mashin zuwa Kazaure inda sabis ya fi ƙarfi, na sauke ta, na karanta bayanin da suka rubuta sau biyu, na dawo na ɗora. Fayil ɗin saitunana bai yi aiki ba da farko, sai da na gane cewa a wannan tsarin wani suna ake ba shi, a wani wuri kuma ake ajiye shi. Da na gyara na buɗe, baƙin allon ya fito kamar yadda na san shi. Na buga haruffan nan biyu, addu'ar ta cika. Na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tashar wani gari.

Tana tsaye a kaina tana cin gyaɗa. Na shiga yi mata burga. Na ce wannan manhajar ko wuta ta ɗauke ba a asara, domin tana ajiye ɓoyayyen kwafi da kanta duk bayan 'yan daƙiƙu, idan aka sake kunnawa sai ta dawo da shi.

"To ai ta fi ka amfani," in ji ta.

Abin da na faɗa gaskiya ne a tsohuwar kwamfutata. A tata kuwa, duk lokacin da aka buɗe manhajar sai wani jan layi ya fito a can ƙasa, da Turanci, yana cewa ta kasa buɗe wurin ajiyar kwafin, idan wani abu ya faru ba za a iya dawo da rubutu ba. Na gane dalili tun kallon farko. Saitunana suna nuna mata wata folda da ke cikin kwamfutar da ta mutu, da irin adireshin Linux, wanda Windows bai san shi ba. Gyaran bai wuce a buɗe sabuwar folda a canza layi ɗaya ba. Amma Kaka yana jira a zaure, ni kuma mutum ne mai adana rubutu bayan kowace jimla, har yatsana yana yi ban sani ba. Na ce zan gyara da yamma. Da yamma na manta. Wannan karon, ina da tabbaci, mantuwa ce.

Muka jawo doguwar waya daga solar cikin gida, ta bi ta bakin ƙofa ta shigo zaure. Aka ci gaba.

Kwana uku da haka zazzaɓi ya kwantar da ni. Kafin in kwanta na rubuta mata muhimman umarnin a bayan wata takardar kalanda, don dai kada ta ɓata mini wani abu idan ta buɗe. Ban yi zaton za ta yi rubutu ba. Ranar da na samu sauƙi na fito ina dafa bango, tun daga tsakar gida na jiyo dariyar Kaka. Rabon da in ji ya yi irin wannan dariyar na manta.

Tana zaune a kan tabarmata, a daidai wurina. Ba ta ko kallon madannan, fuskarsa take kallo, yatsunta suna tafiya.

"Tsoho, ƙarya kake yi," take cewa. "Kai ne za ka tuƙa keke daga nan zuwa Gwiwa ka dawo kafin azahar? Da waɗannan ƙafafun?"

"Amaryata, lokacin da nake da ƙafafu ba a haifi uwarki ba."

Ya ji motsina ya juyo. "Ɗan hamayya ya tashi? Zauna ka huta. Amarya ta karɓi mulki."

Haka yake kiranmu tun muna ƙanana, ita amarya, ni ɗan hamayya, wasan kaka da jika ne. Amma ranar bai yi mini kama da wasa ba.

Na karɓi kwamfutar da rana na duba abin da ta rubuta, ina neman kuskure. Akwai, amma ba yawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tarar ta buɗe fayil ɗin saitunana, ta kalli yadda na yi na addu'ar, ta ƙara nata guda huɗu a ƙasa. Har da na "a wancan zamanin", wanda Kaka ke faɗa sau goma a zama ɗaya, ni kuma ban taɓa lura ba. Abin da ya ɗauke ni zango guda, ita ta ɗauke shi daga bayan kalanda a kwana huɗu. Kuma shafukanta sun fi nawa rai. Ni idan Kaka ya faɗi abu nakan tsayar da shi in ce, "Kaka, an tabbata kafin yunwar ne ko bayanta? Domin jiya kamar an ce bayanta." Sai ya shiga tunani, zaren ya tsinke. Ita ba ta tambayar tabbaci. Musu take yi masa, shi kuma garin kare kansa sai ya zazzago abin da bai yi niyyar faɗa ba.

Aka koma raba kwana ba tare da kowa ya ce a raba ba: yau ni, gobe ita. Sai dai a ranakuna Kaka yakan gaji da wuri.

Wata safiya ta kira ni tana nuna ƙasan allon.

"Malam Wataƙila, wannan jan abin da ke fitowa kullum fa? Turancinsa kamar yana cewa wani abu ba zai dawo ba."

Na tuna sarai yadda na tsaya. Na san amsar, na san gyaran, minti biyu ne. Na kuma san abin da na gaya mata ranar farko tana cin gyaɗa.

"Ba komai," na ce. "Haka yake yi a Windows. Danna ki wuce."

Ta danna ta wuce.

Na yi ta ba kaina hujja bayan haka. Na ce ai tana adanawa a ƙarshen kowane zama. Na ce zan gyara ranar Juma'a idan na zo kwafewa a filas. Juma'a biyu suka wuce. Ba zan ce na yi fatan rubutunta ya ɓace ba, ban yi imani na yi wannan fatan ba. Abin da nake so, idan na fahimci kaina daidai, shi ne a ce akwai abu ɗaya a cikin manhajar nan da ni kaɗai na sani. Ta karɓi wurin zamana, ta karɓi dariyar Kaka, ta shiga fayil ɗina ta yi gini. Wannan jan layin ne kaɗai ya rage nawa.

Labari kuwa yana ta matsowa. An haifi 'yan'uwan Kaka, an yi masa aure, an haƙa rijiyar ƙofar gida. Na san saura kaɗan. Na lissafa kwanakin, na ga wataƙila zai faɗo a ranata, na ji sanyi.

Ranar tawa ce kuwa. Na shimfiɗa tabarma, na jona waya, sai Kaka ya ce, "Ɗan hamayya, kai da kake son tabbaci. Rijiyar nan, na kasa tuna ko shekarar da aka yi fara aka haƙa ta ko wadda ta biyo baya. Akwai abokina a Gwiwa, shi ya kawo masu haƙar. Je ka tambayo shi."

"Yau, Kaka? Ko a kira shi a waya?"

"Ba ya ji a waya. Kuma tsofaffi ba a ce musu gobe."

Na kalle ta, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Na tashi na ba ta wurin. Duk hanyar Gwiwa a bayan mashin ina ƙuna, ina cewa a raina har ranata ma an ƙwace an ba ta. Na sami tsohon a gindin bishiya, na durƙusa na gaishe shi, na yi tambayata da ƙarfi sau uku. Ya ce shi bai san an yi wata gardama a kan rijiyar ba, ya tambayi lafiyar Kaka, ya sa aka kawo mini fura.

Na dawo ana kiran la'asar. Na same ta zaune a dakalin ƙofar gida, kwamfutar a rufe a cinyarta, idanunta sun yi ja.

"Zo ka dawo da shi," ta ce, ba tsiya, ba Malam Wataƙila. "Akuya ce ta bi ta zaure ta ja wayar. Na kunna, ban ga komai ba. Na nemi ɓoyayyen kwafin da ka ce, ban san inda yake ba."

"Ba ki adana ba?"

"Ya fi awa ɗaya yana magana bai tsaya ba. Ban so in ɗauke hannuna. Kuma ai ka ce tana yi da kanta." Ta share hanci da bakin mayafi. "Labarin Kawu ne. Babanka. Tun daga haihuwarsa har ranar da aka kai shi."

Na karɓi kwamfutar na shiga zaure na jona. Kaka ya tafi masallaci, buzunsa kawai ke nan. Na yi kusan rabin awa ina bincike a foldar da na san babu komai a cikinta, ita tana tsaye tana jira, tana ganin kamar aiki nake yi. Daga baya na kasa ci gaba. Na buɗe manhajar, jan layin ya fito, na ɗora yatsa a kansa na fassara mata shi kalma bayan kalma. Na gaya mata tun ranar farko na san ma'anarsa, kuma ranar da ta tambaye ni ma na sani.

Ta ɗago ta dube ni.

"Me ya sa?"

"Ban sani ba. Wataƙila..."

"Kada ka ce mini wataƙila."

Na ce, "Kishi nake yi da ke."

"Da ni? A kan me? A kan wannan baƙin allon?" Muryarta ta tashi, ta sake sauke ta saboda mutanen cikin gida. "Kai wai da digirinka ba ka gane ba? Tun makon jiya yake tambayata yaushe za ka yi tafiya. Ta yaya zai buɗe baki ya yi zancen ɗansa na fari, kai kana zaune kana kallonsa da fuskar mutumin? Ya ce in rubuta in ajiye maka. Ya ce kai za ka karanta, ba sai ka ji daga bakinsa ba. Don kai aka yi duk zaman yau, sakarai."

Da Kaka ya dawo na durƙusa a gabansa na ce rubutun yau ya ɓace, kuma laifina ne, ba nata ba, ba na akuya ba. Ban iya roƙonsa ya maimaita ba, amma ina jin ya ji roƙon a muryata. Ya ci gaba da jan carbi.

"To," ya ce. "Ni dai na faɗa."

Can ya tambaya ko abokinsa na Gwiwa yana nan da ƙarfinsa. Bai tambayi zancen rijiya ba.

Washegari da safe na gyara layin. Na duba agogo, bai kai minti biyu ba. Ta ƙi yi mini magana har azahar, sannan ta zo da kanta ta zauna a bakin ƙofar ɗakina ta ce, "Buɗe. Kafin in manta sauran."

Ta faɗa, ina rubutawa. Wani wurin takan ce, "A nan ya faɗi wani abu a kan makarantar kwana, ya tafi mini." Sai in bar fili. Ta tuna cewa babana yana yaro ya kwance rediyon Kaka gaba ɗaya don ya ga masu maganar, ya mayar da ita ta yi aiki, amma ƙusoshi uku suka rage, ya ɓoye su a aljihu har mako guda yana kasa cin abinci, sannan ya kawo su da kansa yana kuka. Ta tuna cewa idan ya kulle shago yakan dawo daga rabin hanya ya sake taɓa kwaɗon. Ta tuna ranar da aka haife ni ya yi ta zagaye gidan ya rasa wanda zai gaya wa, saboda kunya, sai ya je ya gaya wa mai shayi. Ko sau ɗaya ban tsayar da ita na tambayi tabbaci ba.

Shafi biyu da rabi muka samu. Ta ce na Kaka ya kai bakwai. A saman sashen na rubuta cewa wannan daga bakin jikarsa ne, ba daga bakinsa ba, don kada wani ya ɗauka kalmominsa ne.

Da muka gama na adana sau biyu, na kwafe a filas. Ta tashi za ta tafi, sai ta tsaya.

"Akwai abu ɗaya. Ban sani ba ko in gaya maka."

"Faɗi."

"Wajen ƙarshe, da ya zo kan ranar rasuwar, bai ce wancan ba. Ya faɗi sunansa. Sau ɗaya."

Na tambaye ta yaya ya faɗe shi, da wace irin murya. Ta buɗe baki za ta gwada, ta girgiza kai, ta ce ba za ta iya ba.

Kaka ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni, muka kammala tarihin tare da ita, bai sake komawa kan wannan sashen ba. Yanzu tana aiki a wani asibiti a Babura, kuma har yau da manhajar nan take rubuta rahotanninta, ta ce abokan aikinta suna ɗauka wani sihiri take yi. Mun koma tsiyarmu kamar da. Na daina jin komai game da saurin hannunta, ko in ce ya ragu sosai. Amma idan muka haɗu a wurin biki ko suna, tana dariya tana kirana Malam Wataƙila, nakan kalle ta in tuna cewa ta ji sunan babana a bakin Kaka, ni ban ji ba.